Mai Baki da Marar Baki a Zongon Kwatano

Duk wanda ya zauna a Kwatano a ƙarshen shekarar 2016 bai manta da jan fenti ba. Ma'aikata ne ke bin manyan tituna da gwangwani da buroshi. Rumfar da ta leƙo bakin hanya, kwantenar tela, barandar shago, har matakalar wani gida, duk abin da suka ga ya taka filin gwamnati sai su zana masa jan gicciye su yi gaba, ba sa tsayawa musu da kowa. Kowa ya san abin da alamar ke nufi: ka kwashe da hannunka kafin sabuwar shekara, ko a kwashe maka. Janairun 2017 na kamawa kuwa sai ga katafila da 'yan sanda, a gabansu Modeste Toboula, wanda gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta naɗa prefe, wato wakilinta mai kula da yankin Littoral. Yankin nan ba shi da wani gari sai Kwatano, don haka duk ƙarfin ofishinsa a kan titunanmu ya sauka.

Ni ɗan Zongo ne, nan aka yanke cibiyata. Kakana ya gangaro daga ƙasar Maraɗi da fataucin shanu, ya ga ruwan teku, ya ce tafiya ta ƙare. Sana'ata cike takardun fiton kaya. Ɗan kasuwa daga Yamai ko Damagaram ya sayo shinkafa ko mota, ni ke bin masa takarda daga wannan tebur zuwa wancan har kayan su fita daga tashar jiragen ruwa. Shi ya sa da hantsi ina Ganhi, unguwar bankuna da manyan kantuna, inda ake Faransanci cikin sanyin na'ura. Da la'asar kuma ina kan benci a layinmu, inda Hausa da Zabarmanci da Dendi da Fon ke cakuɗe a baki ɗaya. Tsakanin wuraren biyu bai kai a tsai da zem ba, wato ɗan acaɓan Kwatano mai rawayar riga, kuma duka suna cikin gunduma ta 5 daga cikin gundumomi 13 na birnin. Amma in ka ji yadda ake zancen titi ɗaya a can da nan, sai ka rantse ba gari ɗaya ake nufi ba.

Wannan kai-kawo ya nuna mini cewa kafin katafila ta iso ƙofar mutum, magana ta daɗe da isowa. Watanni kafin jan fenti, zancen da ke yawo a jaridu, da teburin ofis, da shirye-shiryen safe na rediyo irin su Grogne matinale na Golfe FM, inda jama'a ke bugo waya su amayar da abin da ke cin ransu, shi ne Kwatano ta zama abin kunya. Baƙo zai sauka a filin jirgin sama na Cadjèhoun ya tarar gari ya koma juji. Ku dubi Kigali, in ji su. A Disambar 2016 gwamnati ta ƙaddamar da babban shirinta mai suna Bénin Révélé, wanda ya sa yawon buɗe ido da gyaran birane a sahun gaba. Daga nan mai ƙosai da mai shayi da mai facin taya suka tashi daga masu neman abinci, suka koma "masu mamaye hanya". Ranar da gari ya karɓi wannan suna, shari'a ta ƙare. Wanda ya mamaye ai korarsa ake yi. Ba a tambayarsa ina zai koma, balle a tambayi baki nawa ke ci daga kaskonsa.

Kada a ce na ɓoye gaskiya, titunan sun cushe. Mai tafiya a ƙafa sai ya sauka kan kwalta ya yi gogayya da babura. An kafa rumfuna a kan magudanan ruwa, garin kuwa yashi ne da fadama tsakanin teku da tafkin Nokoué, wanda ya ga ambaliyar 2010 ba sai an yi masa bayani ba. Masu sayar da kpayo, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya a zuba a kwalabe, sukan jera kayansu dab da masu murhu. Yau mahaifiyata na takawa zuwa gidan suna ba tare da an riƙe mata hannu ba. Riba ce, ni ma ina cinta. Damuwata ita ce wa aka tambaya, wa kuma aka yanke wa hukunci yana barci. Amsar ta fito fili a cikin wata guda, a unguwa guda.

Babban Masallacin Zongo ba ya ɗauke jama'arsa ranar Juma'a. Tun ina yaro, da ladan ya yi kiran farko sahu kan fito daga haraba ya malala kan titi: tabarmi, darduma, kwalin da aka farke, wani ma jaridar da ya gama karantawa. Motoci su kewaya na ɗan lokaci, a sallame, a naɗe, gari ya ci gaba da harkarsa. Haka abin yake a Cadjèhoun da sauran manyan masallatai. To, a wannan Janairun aka ce shi ma mamaye hanya ne, an hana. Hanin bai tsaya kan Musulmi ba, ya haɗa da Kiristoci masu fita zagaye a titi, musamman Katolika a lokacin azuminsu. Nan fa gari ya ɗauki zafi. Limamai suka yi huɗuba a kai, 'yan majalisar dokoki Musulmi suka fito suka yi magana, gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka. A farkon Fabrairu Shugaba Talon ya karɓi shugabannin Musulmi a fadarsa, aka zauna, aka sassauta. Sahun Juma'a ya koma titi na ɗan lokacin sallah, gwamnati kuma ta yi alkawarin taimakawa a samar da masallatan da za su ɗauke jama'a. Duka-duka 'yan makonni aka yi.

A daidai wannan lokaci ne gwaggota, ƙanwar mahaifina, ta rasa wurin sana'arta. Tun ina makarantar allo take tuya a kusurwar da layinmu ya haɗu da babban titi. Kayan aikinta ba su da yawa: kasko baƙi ƙirin, murhun gawayi, tukunyar koko da take lulluɓewa da tsohon zane don kada ya huce, tebur mai gurguwar ƙafa da aka tallafe da bulo, sai 'yar rumfar kwano falle biyu. Kafin assalatu ta hura wuta. Masu gadin kantunan Ganhi da suka kwana a tsaye su ne cinikinta na farko, sai 'yan dakon tasha, sai direbobin manyan motocin Nijar, sai 'yan zem, waɗanda ko babur ba sa kashewa, a kai suke karɓar ƙosan dala goma a takarda su wuce. Da hantsi mai adashi ya zo da katinsa ya karɓi zubin yini. Da wannan adashin ta aurar da 'ya'yanta mata, ta biya haya, ta sa jikoki a lakwal, wato makarantar boko.

Daren da wa'adi zai cika na same ta tana kwance igiyar rumfa.

"Gwaggo, ki ɗan dakata mana. Ƙila ba za su iso nan ba."

"Ɗan nan, kai da ka yi lakwal, a takardar tasu an rubuta inda za mu koma?"

Na ce ban ga wurin ba.

"To miƙo mini guduma. Gara in cire kwanona da kaina, wata rana ya yi mini amfani."

Ta mai da kaskon tsakar gida. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ba a jima ba maƙwabta suka fara ƙorafin hayaƙi da ƙaurin mai a kan shanyarsu. Mafi muni, direba ko ɗan dako ba zai kutsa gidan matan aure da asuba don ƙosai ba. Tarbiyyar da muke taƙama da ita ce ta tsare shi a waje. Ciniki ya faɗi, zubin adashi ya fara tsallake kwanaki. Ƙarshenta aka ɗora wa jikarta faranti a kai, ta zaga tasha kafin ta tafi makaranta. Yarinyar da ke isa aji kafin ƙararrawa ta koma mai isa bayan an gama darasin farko, tana warin mai, tana gyangyaɗi. Na yarda wanda ya tsara aikin share titi bai yi nufin taɓa karatun kowa ba. Amma can abin ya je ya tsaya.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kuɗi. Teburin mai shayin da ke kusa da ita, a nan 'yan unguwa ke samun aiki. A nan ake jin wace mota ce za ta Malanville tana neman yaro, wane Alhaji ne kwantenarsa ta fito yana son masu sauke kaya, wa ya rasu, wa aka kwantar a asibiti. Tsofaffin da ɗakinsu ya yi musu zafi a nan suke yini, ana ganinsu, in ɗaya bai fito ba a aiki yaro ya dubo. Da aka ɗauke benci, wasunsu sun koma zaman ɗaki, sai dai a gan su a masallaci.

Umarni ɗaya ne ya faɗa wa sahun Juma'a da kaskon gwaggo. Ɗaya ya dawo, ɗaya bai dawo ba. Ban ce an yi kuskure da aka saurari limamai ba, ni kaina in na makara a kan kwalta nake shimfiɗa darduma. Tambayata ita ce me suke da shi wanda ita ba ta da shi. Suna da rawani da muƙami. Suna da ƙungiya mai ofis da hatimi, da 'yan majalisar da ke jin kunyar haɗa ido da su. Suna da lamba, domin ƙidayar 2013 ta ce Musulmi kashi 27.7 cikin ɗari ne na mutanen Benin, kuma babu ɗan siyasar da bai iya mai da wannan lissafi ƙuri'a ba. Sannan suna da hujjar da kunnen hukuma ya saba ji: sashe na 23 na tsarin mulkin 1990 ya ba kowa 'yancin addini da ibada. Shi ma haƙƙin aiki yana nan a sashe na 30 na wannan kundin, sai dai ban ji wanda ya karanto shi a madadin masu tuya ba.

In don lamba ce, ai nata ɓangaren ya fi yawa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Benin sana'ar da ba ta da rajista suke yi, ba albashi, ba ofis. Su ne ƙasar, in za a faɗi gaskiya. Amma a bakin masu magana su ne baragurbi, 'yan tsirarun da ke da tebur da fanka su ne ma'auni. Yawan da bai haɗa kai ba, bai kuma iya harshen da ake rubuta doka da shi ba, ba ya hana kowa barci. Ko kujerar da ake hawa ta hanyar zaɓe ba ta tsira ba, domin magajin garin Kwatano na lokacin, Léhady Soglo, a cikin 2017 ɗin aka tuɓe shi. Prefe kuwa naɗa shi ake yi, ba shi da ranar da zai zo layinmu roƙon ƙuri'a.

Ku zo Ganhi da hantsi ku ga wani abu. Motocin manya na hawa gefen titin da aka keɓe wa masu tafiya a ƙafa, su yini a ƙofar ofis, mai gadi na goge musu gilashi. Filin da suke ci ya fi na teburin ƙosai. Ban taɓa jin an kira mai irin wannan mota da sunan da aka kira gwaggota ba. Shi tasa matsalar "ƙarancin wurin ajiye mota" ce, abin da ake kiran taro a kai a nemo mafita. Shi kansa Toboula a 2019 aka sauke shi, kotun CRIET ta ɗaure shi shekara ɗaya a kan wata shari'ar filayen gwamnati a Fiyégnon, can bakin teku. Ba dariya nake yi masa ba, ƙaddara na kan kowa. Na kawo shi ne don a ga cewa taɓa filin hukuma iri biyu ne, akwai na kasko akwai na alƙalami, kuma na farkon kaɗai ake bi da gwangwanin fenti.

Maƙwabtanmu na Xwlacodji, masuntan da ke zaune tsakanin Ganhi da bakin teku a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin garin, sun ga wanda ya fi namu. Shekara da shekaru ana kiran unguwarsu matattarar 'yan ƙwaya da ɓata-gari, har 'yan Zongo, da su ma ake yi wa irin wannan shaida, da yawa sun yarda. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, aka tsaya kallo. A 2021 aka rushe babban ɓangaren unguwar. A Disambar 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 6,000 aka tayar daga wurare huɗu na gaɓar teku tun 2021 saboda ayyukan yawon buɗe ido da ƙawata gari, ciki har da Xwlacodji da Fiyégnon. Masunci kuwa in ka raba shi da bakin ruwa, ko ka ba shi fili a wani wuri ka raba shi da sana'a. A ɗaya gefen, Boulevard de la Marina ya yi kyau ƙwarai, ga mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka buɗe a Yulin 2022, ga zane-zane a katangar tashar jiragen ruwa. Da yamma iyalai na zuwa shan iska da ɗaukar hoto, ni ma nakan kai yarana. Ashe tsayuwa a filin gwamnati ba ita ce laifin ba. Ya danganta da abin da ka zo yi, da yadda aka riga aka ba da labarinka.

Mu 'yan Zongo akwai ƙarin kaya a kanmu, domin har yau ana yi mana kallon waɗanda suka zo jiya. Alhali tun kafin Bature ayarin fatake ke ratsa Nikki da Djougou zuwa Salaga neman goro, kuma akwai Hausawa a cikin sojojin da Faransa ta ɗauka a yaƙinta da Sarki Béhanzin a shekarun 1890. Jirgin ƙasan da ya isa Parakou a 1936, da tashar jiragen ruwa ta zamani da aka buɗe a 1965, kayan arewa da mutanen arewa na cikin abin da ya raya su. Duk da haka, yaron da aka haifi ubansa a nan, in ya je neman takarda aka ji sunansa, akan ce ya faɗi ainihin garinsu. Takarda kuwa yanzu ita ce komai. Tun bayan rajistar jama'a ta 2017 da 2018 lambar shaida ta zama mabuɗin layin waya, da asusun banki, da jarrabawa. Tsohuwar da aka haifa a ɗaki, ba wanda ya kai sunanta ko'ina, ƙofofin nan duka a rufe suke gare ta. Tarihin yankinmu ya nuna inda zancen baƙunta ke kaiwa in aka bar shi ya girma. Ghana ta yi kora a 1969, Najeriya ta yi a 1983. Su ma 'yan Dahomey an koro su daga Abijan a 1958, an koro su daga Nijar a ƙarshen 1963 lokacin rikicin tsibirin Lété. Kowace kora sai da aka share mata fage da cewa baƙi ne ke cinye aiki.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai mun sake ɗanɗanawa. Ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Daga baya Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata, tana zargin akwai sansanonin sojan Faransa a Benin, gwamnatin Talon na musantawa. Manya na jifan juna da sanarwa, mu kuma abin da muka gani shi ne manyan motoci a jere sun yi ƙura, yaran mota na kwana a ƙarƙashinsu, kaya da fasinja na ƙetare kogi a kwalekwale da tsada, ni kuma teburina ya bushe. A kasuwa sai ka ji an jefo wa mai doguwar riga magana: ku je ku gaya wa sojojinku. Mutumin da ko Dosso bai taɓa gani ba.

Amma kada mu ɗora wa hukuma komai, mu ma muna da namu hukuncin, a kan harshe yake. A Kwatano mata na tuƙa babur ko'ina, daga 'yar kasuwa har ma'aikaciyar banki, amma 'yar layinmu in ta hau, kafin magariba an gama da tarbiyyar gidansu. Bazawarar da ta so buɗe wurin abinci kusa da tasha da dare, sai an fara tambayar su wa za ta dinga sayar wa. Ɗan Alhaji da kasuwa ta karye wa ubansa ya gwammace ya yini a gindin bango da ya sa rawayar rigar zem, don kada a ce gida ya zube. Yarinya ta ci jarrabawar gama sakandare tana son Jami'ar Abomey-Calavi, sai a ce boko ya isa haka, mijin ma zai ji tsoro. Ɗan mahauci ya yi karatu ya yi kuɗi, ya je neman aure, a tuna masa da wuƙar kakansa. Babu ɗan sandan da ya tare ko ɗaya daga cikinsu, babu takardar da aka sa wa hannu. 'Yan benci ne da 'yan gidan biki, kuma hukuncinsu ba shi da ɗaukaka ƙara. A ganina wannan ya fi na prefe ciwo, domin prefe yakan sauka.

Mai karatu a Kano ya san irin wannan labari. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. Dalilin tsaro gaskiya ne, amma an daɗe ana zagin ɗan acaɓa kafin ranar, shi ya sa bai sami mai tsaya masa ba. Legas ta yi nata a 2020, ta ƙara a 2022. A Ghana kuwa, inda 'yan siyasa suka gano ƙuri'ar Zongo na iya kayar da mutum, a 2017 har ma'aikata aka kafa da asusun raya unguwannin Zongo, ko da yake ma'aikatar ba ta yi tsawon rai ba. Mutanen su ne dai, talaucin shi ne dai. Lissafin ƙuri'a ne ya canza, zance ya bi shi.

A 2024 aka buɗe sabuwar kasuwar Ganhi, ɗaya daga cikin kasuwannin zamani da gwamnati ta gina a Kwatano ta danƙa wa hukumar kula da kasuwanni ta ANaGeM. Gini ne mai kyau da tsabta, matan da suka sami wuri sun huta da rana da ruwan sama, ina taya su murna. Shiga kuwa sai da rajista, da takardar shaida, da kuɗin wuri da ake biya a kan kari. Wanda sunansa ke cikin littafi ya shiga. Mai faranti a kai, mai tura baro, mai yankan farce, mai sayar da ruwan sanyi, waɗannan ba su taɓa shiga littafin kowa ba, kuma a jikin kasuwa suke rayuwa.

Yanzu ga babbar tafe. Gwamnati ta sanar za ta tayar da Dantokpa, kasuwar da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Masu sarin kayan abinci za su koma Akassato a Abomey-Calavi, masu atamfa da kayan ado su koma Kouhounou kusa da filin wasa na Mathieu Kérékou. Gidaje da yawa a Zongo daga Dantokpa da kasuwar Missèbo tukunyarsu ke tafasa: mahauta, masu albasa, masu canji, 'yan gwanjo, 'yan dako. Zancen share fage tuni ya kankama, cunkoso, ƙazanta, gobara, kuma akwai gaskiya a ciki, domin wanda ya ga wutar da ta ci kasuwar a 2015 ba zai yi musu ba. Mai babban shago zai sami wuri, yana da rasit, yana da wanda zai kira a waya. Wanda ke ɗaukar masa buhu a ka shi ne abin ji.

Roƙona ga sarakunan Zongo, da limamanmu, da shugabannin 'yan kasuwa, Allah ya ƙara muku girma. Kun nuna kuna iya buɗe ƙofar fada cikin 'yan makonni in abu ya taɓa ku. Ku sa matasanmu da suka yi karatu su bi gida-gida su rubuta sunan duk mai ci daga kasuwa ba tare da rumfa ba, da abin da yake yi, da mutum nawa yake ciyarwa. A rubuta da Faransanci, a buga hatimi, a kai inda ake rabon wuri tun ba a rufe littafi ba. Wanda ba shi da takardar haihuwa a raka shi ya nema. In kuma an kira ku zama, kada ku tafi ku kaɗai da manyan riguna. Ku tafi da mai tuya ɗaya da ɗan dako ɗaya, a ba su kujera, a samo mai fassara, su faɗi nasu da bakinsu.